Kun Tambaya: Bijimi mai fukafukai da mutanen Nainawa

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Wannan watan saƙonni uku suka faɗo min a jawwal cikin sati ɗaya, ɗaya daga Makka ɗaya daga Jauf ɗaya kuma nan Jidda, mutanen basu san juna ba amma duk akan al'umma ɗaya suke tambaya, Assuriyawa, waɗanda littattafan madarasa suke rubutawa Ashuriyyun. Sai nace bari in haɗa su wuri ɗaya. Masu tambayar iƙama da rabon gado kuyi haƙuri sai wata mai kamawa insha Allah.

TAMBAYA: Malam ina wuni ya iyali. Yarona ne ɗan mutawassiɗ yazo min da hoto a jawwal, wani dutse kan mutum da gemu, jiki na sa, ga fukafukai, yace na Ashuriyyin ne wai kuma ustaz ɗinsu yace garin Annabi Yunus ne. Ni dai hankalina bai kwanta ba yaro ya wuni yana kallon gumaka. Su waye mutanen nan dan Allah, kuma da gaske ne maganar Annabi Yunus? Daga wata uwa a Makka.

AMSA: Hajiya lafiya ƙalau alhamdulillah, Allah ya raya mana shi ya sa albarka a karatunsa. Ustaz ɗin gaskiya ya faɗa, kuma ke da kike Makka ai shaidar tana kusa dake, ki hau ta hanyar Hada ki shiga Ɗa'ifa kice a kai ki ƙaramin masallacin Addas. Ranar da mutanen Ɗa'ifa suka jefi Manzon Allah (SAW) ya fake a gonar Utba da Shaiba 'ya'yan Rabi'a, bawansu Addas ne ya kawo masa inabi, da Annabi ya tambaye shi garinsu yace shi mutumin Nainawa ne, sai Annabi yace garin bawan Allah na gari Yunus ɗan Matta kenan. Toh wannan Nainawa ɗin ita ce babban birnin Assuriyawa na ƙarshe, kufanta na nan gabas da kogin Dijla tsallaken tsohon garin Mausil a arewacin Iraƙi, har ɗaya daga cikin tuddanta sunansa Nabi Yunus. Ganuwarta ta kai kilomita 12 da ƙofofi 15, kinga in kika karanta aya ta 147 a Suratus Saffat inda akace an aike shi ga mutum dubu ɗari ko sun fi, zaki gane ba ƙauye ake magana ba.

Asalinsu garin Ashur ne a bakin Dijla, kuma da farko fatake ne kamar kakanninmu, tun wajen 1900 kafin miladiyya suna ɗora kuza da tufafi a bayan jakuna suna kaiwa Kanish cikin Turkiyyar yau su dawo da azurfa. Daga baya ne tun wajen 900 zuwa 612 kafin miladiyya suka zama daular da babu kamarta, daga kan iyakar Iran har Masar, kuma gaskiya mutane ne masu tsananin yaƙi, garin da ya ƙi biyan haraji sai su ƙone shi su kwashe mutanensa su kai wata ƙasa, ba ɓoyewa suke ba da kansu suke sassaƙawa a bango.

Abin da yaronki ya gani sunansa lamassu. Ana kafa su bibbiyu a ƙofar fada da ƙofar gari kamar dogarai a bakin zaure, kan mutum da rawani mai ƙahoni, jikin bijimi ko zaki, fukafukan gaggafa, kuma mafi yawa daga dutse guda aka fafe shi, akwai wanda aka ɗauko daga fadar sarki Sarjun na biyu a Khursabad yana Shikago yanzu nauyinsa wajen tan 40. Kice yaron ya ƙirga ƙafafun, na Nimrud da Khursabad, wasu manyan biranensu, biyar ne. Masassaƙin yayi haka ne dan in ka tunkaro shi ta gaba ka ganshi a tsaye ƙyam da ƙafa biyu, in ka gifta ta gefe kuma ka ganshi yana tafiya da huɗu. Cikin fadar kuma bango duk an jera shi da faffaɗan dutsen Mausil mai laushi an sassaƙa yaƙi da farauta da masu kawo gaisuwa, a da har fenti ake shafa musu, ja da baƙi har yau ana ganin ɓurɓushinsa a takalman wasu. Wanda ya fara wannan salon sosai shine Ashurnasirbal na biyu a Nimrud, ya hau mulki 883 kafin miladiyya, ranar buɗe fadarsa ya sa aka rubuta a dutse cewa ya ciyar da mutum 69,574 kwana goma, ke da kike ganin yadda ake ciyar da alhazai a Mina kin san abin da wannan lissafin yake nufi.

Ni abin da ya tsaya min a rai shine sassaƙar farautar zakin sarki Ashurbanibal daga fadarsa ta Nainawa. Na taɓa zuwa Landan duba wani ɗan yayata da yake karatu, ya kaini gidan tarihin Birtaniya ɗaki na 10, wallahi Hajiya na fi awa ɗaya a wurin. Akwai wata zakanya kibau sun shige ta ta baya, ƙafafun bayan sun mutu tana jansu a ƙasa amma na gaba sun kafe, ta ɗaga kai baki buɗe tana ruri, in ka matso kana ganin jijiyoyin dantsenta ɗaya bayan ɗaya. Can gefe ga wani ƙaramin mutum a saman keji yana jan ƙyaure sama dan zaki ya fito, shi ma an yi masa ɗan akurkinsa da zai ɓuya. Fuskar sarki ko gezau, amma zakunan duk zafin mutuwa yana fuskarsu, ni ina ganin wanda ya sassaƙa su ya daɗe yana kallon zaki kuma yana tausayinsa. Sannan a ɗamarar sarkin an soke alƙalami, dan shi yana alfahari ya iya karatu da rubutu, ya tara alluna a Nainawa wanda abin da aka tono ya haura 30,000 har da gutsattsari. Allon yumɓu ne ake danna masa bakin kara tun yana ɗanye, shi yasa rubutun yake kama da ƙusoshi Larabawa suke ce masa mismari. A ciki akwai magani da lissafin taurari da wasiƙu da ƙamus, kuma a 1872 wani Bature George Smith ya karanto a ɗaya labarin ruwan ɗufana, mutum ya sassaƙa jirgi ya ɗebi dabbobi ya saki tsuntsaye, sun cakuɗa shi da sunayen gumakansu amma duk wanda ya san ƙissar Annabi Nuhu zai gane inda aka dosa.

Maganar kallon gumaka kuma, hukunci na malamai ne ki tambayi wanda kika yarda dashi, kuna da su birjik a Harami. Ni a matsayin mai koyar da tarihi abin da zance shine kar ki ƙwace jawwal ɗin, ki zauna kusa dashi ki faɗa masa mutanen nan sun ɗauka dutsen nan ne zai tsare musu ƙofa, amma a 612 Babilawa da Midiyawa suka shigo ta ƙofofin suka cinna wa fadar wuta, wutar ma ita ta gasa allunan kamar yadda ake gasa tukunya har suka kawo yau. Alƙur'ani da kansa yace a yi tafiya a bayan ƙasa a duba yadda ƙarshen waɗanda suka gabata ya kasance.

TAMBAYA: Yaya Malam ni direba ne a wata gonar zaitun a Jauf, ranar juma'a muka je Dumatul Jandal muka hau Ƙasar Marid, wani ɗan garin yace min Ashuriyyin sun taɓa cin garin da yaƙi. Wai har nan suka zo cikin wannan sahara?

AMSA: Ƙanena sannu da aiki, Allah ya tsare hanya. Sun zo mana. Su Adummatu suke ce wa garin, kaji ai sunan bai canza sosai ba, kuma a rubutunsu sun kira shi ganuwar Larabawa. Wajen 690 kafin miladiyya rundunar sarkin Assuriyawa Sanharib ta ci garin ta kama sarauniyarsu Te'elhunu ta tafi da ita Nainawa har da gumakan garin. Da Sanharib ya mutu ɗansa Asarhaddun ya hau, sai sarkin Larabawan Haza'ilu ya ɗauki kaya niƙi-niƙi ya tafi Nainawa yana roƙon a maido masa da gumakan, Asarhaddun ya sa aka gyara su aka rubuta sunansa da ƙarfin gunkinsa Ashur a jikinsu sannan ya bashi, ya haɗa shi da wata yarinya Tabu'a da ta tashi a fadarsu yace ita ce sarauniya, ya kuma ƙara masa harajin raƙuma. Abin da suke kwaɗayi a wurin hanya ce, dan ayarin turare da kayan ƙamshi daga Yaman ta Taima da Duma yake bi kafin ya shiga Sham da Iraƙi. Ginin Marid da ka hau dai ba nasu bane daga baya aka yi shi.

Wani abu da ba kowa ya sani ba, kalmar Balarabe ma mafi daɗewar wurin da aka sameta a rubuce a dutsen Assuriyawa ne, Shalmanasar na uku yana lissafa waɗanda suka haɗu suka yaƙe shi a Ƙarƙar a 853, sai ya ambaci Jindibu Balarabe da raƙuma 1,000. Kuma sarauniyoyi sun yi yawa a lissafin, akwai Zabibe akwai Samsi a zamanin Tiglat Bilasar na uku. A fadar Ashurbanibal an sassaƙa yaƙinsu da Larabawa, mutum bibbiyu a kan raƙumi ɗaya, na gaba yana kora da sanda na baya ya juya yana harbi da baka, ga tantuna ana cinna musu wuta. Ka nemi hoton ka nuna wa ɗan garin nan zai ji daɗi.

TAMBAYA: Ɗana Malam, ni mutumin Mai Wurno ne yaƙi ya kawo ni wajen 'ya'yana a Jidda. Tun muna yara muke jin Tirhaƙa ya kara da Ashuriyyin, wasu suce ya ci wasu suce an ci shi, wanne ne? Na biyu naji an wawashe mathaf ɗinmu na Khartum, wani jikana yace gara ma da Turawa sun kwashe tun da kamar yadda suka kwashe na Iraƙi. Maganar ta tsaya min a wuya.

AMSA: Baba Alhaji barka da hutawa, Allah ya maida ku gida lafiya ya kashe wannan wuta. Ni ma a Wad Madani nayi ibtida'i, kuma ban manta ranar da aka ɗebe mu a mota aka kaimu mathaf ƙaumi, wato gidan tarihi na ƙasa, kusa da Mugran ba, muka tsaya gaban mutum-mutumin Taharƙa, wato Tirhaƙan da ka ambata, na baƙin dutse da aka ɗauko daga Jabal Barkal, tsayinsa wajen mita 4, kanmu ko gwiwarsa da ƙyar yake kaiwa.

Duka biyun an yi Baba. Taharƙa ya mulki Kush, wato daular Sudan ta da, da Masar daga 690 zuwa 664 kafin miladiyya. Zuwan Asarhaddun na farko wajen 673 an kora shi ya koma ba nasara, amma baza ka ga wannan a bangon fadar Nainawa ba, marubutan Babila ne suka ajiye mana shi a layi ɗaya cikin kundin shekarunsu. A 671 ya dawo ya ci Manf, tsohon babban birnin Masar kusa da Alƙahira ta yau, Taharƙa ya ja kudu, aka kama matarsa da ɗansa mai jiran gado. Wannan kam an sassaƙa shi da girma, akwai dutse mai tsayin sama da mita 3 da aka tono a Zinjirli ta Turkiyya a 1888 yanzu yana Balin, Asarhaddun a tsaye ƙato, gabansa mutum biyu 'yan mitsi-mitsi ya riƙe su da igiya, wanda ya durƙusa yana da alamar macijin sarauta a goshi, masana da yawa sunce ɗan Taharƙa ne, kuma a rubutun yana cewa ya tumɓuke saiwar Kush daga Masar. Toh bai tumɓuke ba, dan bai daɗe da juya baya ba Taharƙa ya sake karɓe Manf, Asarhaddun ya taso zai dawo ya mutu a hanya a 669. Sai ɗansa Ashurbanibal ne ya ƙarasa, a 663 zamanin Tanutamani magajin Taharƙa ya wawashe Ɗiba wato Uƙsur ta yau, daga nan mulkin Kush a Masar ya kama hanyar ƙarewa. Amma ƙafarsu bata taka ƙasar Sudan ba, Taharƙa a gida aka binne shi, dalarsa a Nuri tsallaken Karima ita ce mafi girma a ƙasar, Nainawa ta faɗi shekara 51 kacal bayan wawashe Ɗiba, Kush kuwa ta ci gaba a Nabata da Marawi ta da wato Bajrawiyya kusan shekara dubu. Shi yasa kullum nake ce wa ɗalibaina sassaƙar fada maroƙin sarki ce, ka saurare ta da kyau dan tana da labari, amma ka nemi bakin ɗaya ɓangaren.

Maganar jikanka kuma na fahimci zafin da ya sa shi faɗa amma ban yarda da ita ba. Bari kaji yadda kwasar ta kasance. Botta ƙaramin jakadan Faransa a Mausil shi ya fara tono Khursabad a 1843, Layard na Ingila ya shiga Nimrud a 1845, shi kuma farautar zakin nan Hurmuzd Rassam ne ɗan asalin Mausil ya gano ta a 1853 yana yi wa Ingilishi aiki. Ana ɗora duwatsun ne akan kalak, itatuwa da aka ɗaure a saman salkunan fatar akuya da aka hura, a sako su Dijla har Basra, wasu bijiman sai da aka yanka su gunduwa-gunduwa da zarto kafin su ɗauku. A 1855 aka far wa ayarin Faransawa kusa da Ƙurna, akwatuna sama da 200 suka nutse, har yau suna ƙarƙashin laka. Kaga kenan kwasar ma ta halaka abin da ƙasa ta rufa wa asiri shekara 2,500. Wanda ya isa lafiya kuma, yaron Mausil sai ya nemi biza kafin ya ga aikin kakanninsa.

Na gida ma an ji jiki, ba zan ɓoye ba. A 2003 aka wawashe mathaf ɗin Bagadaza, cikin abin da ya ɓace har da wani ɗan allon hauren giwa daga Nimrud, zakanya ta danne wani saurayi baƙar fata irinmu, gashinsa an yi shi da ƙananan ƙusoshin hauren giwa da aka shafa wa zinariya, bayansa furanni na shuɗin dutse da ja, an tsamo su biyu ne daga rijiya, ɗaya yana Landan ɗayan kuma shine aka sace. A Yulin 2014 'yan Da'ish suka tarwatsa masallacin Nabi Yunus da bam, masallaci fa Baba, a 2015 suka bi bijimin ƙofar Nergal ta Nainawa da injin fasa dutse suka tashi fadar Nimrud, ƙananan kaya kuma suna haƙa rami suna fitarwa a sayar.

Amma ga abin da nake so jikanka yaji. Daga 1988 zuwa 1990 wani masani ɗan Iraƙi Muzahim Mahmud Husain ya gano kaburburan matan sarakuna a ƙarƙashin fadar Nimrud, inda Turawa suka tattaka suka wuce, ga kambi na zinariya da ganyen inabi da 'ya'yansa na shuɗin dutse, ga awarwaro ga 'yan kunne ɗaruruwa, aikin da in ka kai shi kasuwar zinariya ta Balad yau maƙera zasu taru suna kallo. Ma'aikatan Iraƙi suka kulle shi a ɗakin ƙasa na babban bankin Bagadaza suka yi shiru, yaƙi biyu ya wuce ta kansa, a 2003 aka zuƙe ruwan da ya cika ɗakin aka buɗe akwatunan aka same shi. A 2022 kuma wajen gyaran ƙofar Mashki ta Nainawa da Da'ish suka rushe sai ga sababbin sassaƙa na zamanin Sanharib, itatuwan dabino da inabi da maharba kamar jiya aka gama su. 'Yan ƙasa ne suka tsare, kuma abin da ya taimake su wajen dawo da dubban kayan da aka sace shine rajista da hotuna, dan ba'a iya cewa wannan namu ne a gaban kotun wata ƙasa sai da shaida.

Namu na Khartum tun da yaƙi ya tashi a Afrilun 2023 an fasa akwatunan gilas an kwashe zinariya da ƙananan kaya, hotunan da suka fito bayan an koma na kalle su na kasa cin abinci a ranar, sai dai Taharƙa yana nan tsaye a zauren nauyinsa ya hana a ɗauke shi. Dan haka Baba ka tara jikokin nan ka basu aiki, duk wanda ya taɓa zuwa rihla mathaf ɗin ya ɗauki hoto, ko a tsohon jawwal ne ko a Facebook, kar ya goge, ya adana shi da shekarar da aka ɗauka dan ranar da hukumar kayan tarihi zata nema. In kuma wani ya tallata musu ɗan gunki ko tsakiya ko zobe a WhatsApp yace daga Sudan ne, kar su saya ko riyal ɗaya ne, su ɗauki hoton tallar da lambar su ajiye. In ka samu hoton ku na da a gaban Taharƙa ka turo min ta lambar mujalla, ina so in gani.